Da Ƙyar Zubairu Ya Sha Kaye a Hannun Surukinsa

Da sunan Sarkin da ya halicci yatsu goma ya ba kowane aikinsa muke buɗe wannan babi. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki jikan sadaukai, Zubairu ɗan Mamuda Tela, ɗan Nomau Masaƙi, ɗan Jatau Mai Baka, wanda aka ce a zamaninsa yakan harbo zabo yana cikin tashi, ya kuma faɗi idon da zai samu tun kafin ya saki kibiya. Zuriya ce da Allah ya zuba wa albarka a yatsa. Jatau ya ja tsirkiya da nasa ya tsare gari. Nomau ya jefa ƙoshiya da nasa ya tufatar da ƙauyuka bakwai. Mamuda ya riƙe allura da nasa, har yau akwai riguna a Malumfashi da ɗinkinsa bai saki ba. Da gadon ya gangaro kan Zubairu, sai ya dubi yatsun nan masu asali, ya dubi duniya da sana'o'in da ke cikinta, ya zaɓi ya riƙa danna maɓalli da su, domin waɗansu 'yan mutane goma sha ɗaya, marasa uwa marasa uba, su yi ta gudu cikin gilashi suna bin ƙwallo.

Ba a ce ba shi da sana'a ba. Wankin hula yake yi a bakin kasuwa, kuma ya iya. Amma daularsa tana gida, a kusurwar falo, bisa tebur: wata tsohuwar kwamfuta da wansa ya bar masa da zai koma Kaduna, mai ƙeya kamar tulu, mai gurnani in an kunna ta sai ka ce injin markaɗe. A gabanta Zubairu ya ci biranen da bai san da wace mota ake zuwa ba. A gabanta ya ɗaga kofuna goma sha tara, ko ɗaya ba a sha ruwa da shi ba. Zubairu na Barira, dodon masu tsaron raga! Guguwa mai tashi daga kujerar roba! Mai cin ƙasashe bai sa takalmi ba! Magidantan unguwa duk ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, har mai chemis na kan kwana, mutum mai ilimi, ya fita daga falon nan da ci bakwai a wuyansa, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwa.

To, kowace daula da ranar da ake jarraba ta. Ranar wata Laraba Barira, matar sadaukin, ta shanya tsakin masara a tsakar gida, ta ce za ta leƙa barka maƙwabta, ya sa wa shanyar ido. Ya ce to. Sa'ad da ta dawo, ta tarar da akuyoyi uku tsaye a kan tabarma suna lashe baki, maigida kuwa yana ciki yana ihun an shiga ƙarin lokaci. Barira ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta je ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya wa mahaifinta, mahaifinta kuwa shi ne Alhaji Maiwada, Sarkin Awo na kasuwar hatsi, mutumin da in ya yi gyaran murya a rumfa tiya kan daidaita kanta.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Zubairu ya fito, ya ga abin da ya gani, ƙafafunsa suka tuɓe takalmi da kansu. Alhaji Maiwada ne cikin babbar riga fara mai faɗin da za a yi wa mutum uku sutura, a bayansa ga taubashinsa Malam Ɗangoggo, wani siririn tsoho mai goro a kunci, wanda tun suna yara ba shi da aikin da ya fi tsokanar Alhaji. Zubairu ya durƙusa can nesa, ya sa ido a ƙasa, ya jero gaisuwa har ta ƙare ya sake ɗaukowa daga farko.

Alhaji ba ya kama sunan Barira, 'yar fari ce. Ya ce, "An ce akwai wani akwati a gidan nan da ya fi yarinyar nan iko da kai."

Zubairu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Zuciyata a huce take. Shekara arba'in ina awo, ban taɓa yanke wa buhu hukunci ban tsoma hannu a ciki ba. Kunna min shi, mu kara ni da kai. In na same shi abin banza ne, yau zai kwana a kududdufin bayan gari, ni da kaina zan raka shi. Kuma ka ji da kyau: ba na son ragi. In na ga ka sassauta min, ka raina ni ke nan."

Malam Ɗangoggo ya ce, "Yaro, ka ji tausayin gilashin dai. Mutumin nan ko zaren carbi ya ja sai ya tsinke."

A nan ne sadauki ya tsaya tsakanin ramuka biyu, ya auna zurfin kowane. In ya ci surukinsa, ya yi abin kunyar da Ɗangoggo zai kai rumfar hatsi kafin azahar, kuma wanda aka lallasa ba ya tashi yana yabon bulala. Kududdufi ke nan. In kuwa aka gane da gangan ya faɗi, raini ne; kududdufi ke nan har wa yau. Hanya ɗaya ta rage, siririya kamar zaren kakansa Nomau: dole Alhaji ya yi nasara, dole kuma ya yarda da ƙarfinsa ya yi ta. Sai Zubairu ya ɗaura ɗamarar yaƙin da babu wanda ya taɓa yi a zuriyarsu, yaƙin neman a kayar da shi.

Ya kunna kwamfuta ta yi gurnaninta. Ya zaɓa wa Alhaji runduna masu fararen riguna, zaratan da babu kamarsu a cikin akwatin duka. Ya zaɓa wa kansa waɗansu masu rawayar riga, waɗanda mai tsaron ragarsu ke tafiya kamar ya kwana da zazzaɓi. Ya nuna wa Alhaji maɓallai huɗu masu kibiya, da na buga ƙwallo a gefensu.

Sai wata masifar ta ɓullo. Allon maɓallan nan, wanda suke kira kibod, guda ɗaya ne tak, kuma mutum biyu in za su kara, sai sun zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya kama dama ɗaya hagu. Zubairu ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa? Ƙasa ma ba za ta yarda ba. Saboda haka Alhaji ya hau kujera, Zubairu ya tsugunna a ƙasa ta hagunsa, ya miƙa hannu sama bisa tebur kamar mai roƙon a sauke masa kaya. Ɗaga kai kuma ba dama, don gilashin yana daidai fuskar Alhaji, duk wanda ya dubi ɗaya ya dubi ɗayan. Sai ya kau da kai gefe, Allah ya taimake shi da madubin kabet ɗin Barira, ga filin nan duka a ciki, tsakanin jeren kwanonin samira.

Alƙalin wasa ya busa. Ƙasa ta girgiza, tambura suka amsa daga cikin 'yar lasifika, dubban 'yan kallo da aka zana da fenti suka ɗaga murya ɗaya. Alhaji Maiwada ya ɗaga manuniyarsa, yatsan da ya shekara arba'in yana share bakin tiya har ya yi kauri kamar taɓarya, ya sauke shi a kan allo. Maɓalli uku ya danne lokaci guda. Jarumin farko na rundunarsa ya juya sau biyu a wuri ɗaya, ya bar ƙwallo, ya fita daga fili a guje ya nufi 'yan kallo.

Ɗangoggo ya ce, "Ga naka can ya tafi sayen goro."

Alhaji ya ce, "Dabara ce. Ba ka san yaƙi ba."

Ƙwallo ta zo ƙafar masu rawaya ba su nema ba. Zubairu ya yi azama zai janye ta baya, can wajen gidansa, ya ajiye ta inda ko makaho zai same ta. Ya duba madubi, ya ga ragarsa a hagu, ya danna hagu, ya ruga, ya tsallake mutum ɗaya, ya tsallake biyu, yana murna babu mai tare shi, ya isa bakin raga ya tura ta a hankali don ta tsaya kusa. Abin da sadaukin ya manta, abin da kowace amarya ta sani, shi ne madubi yakan mayar da hagu dama. Ƙwallo ta gangara ta shige ragar Alhaji Maiwada, Sarkin Awo, uban matarsa, kakan 'ya'yansa.

Lasifika ta fashe da ihu. Ɗan wasan da ya ci, marar kunya marar tarbiyya, ya tuɓe riga, ya zame a kan gwiwa, ya zo daidai fuskar Alhaji yana murguɗa ƙugu. Kwamfuta kuma, don kada wani ya ce bai gani ba, ta maimaita cin sau uku, ta gaba, ta baya, ta sama.

Zubairu ya ce, "Tuba nake, Baba."

Alhaji ya ce, "Wancan mai rawar, ɗan gidan wane ne?"

"Ba shi da kowa, Baba."

"Ya yi kama."

A wannan sa'a Zubairu ya yi addu'ar da ba a taɓa jin wani ɗan ƙasar nan ya yi ba tun da aka kafa turakun lantarki: ya roƙi Allah a ɗauke wuta. Wuta kuwa ranar ta zauna daram kamar an ɗaure ta da igiya.

Ya bar madubi, ya koma satar kallo ta wutsiyar ido. Ya shiga dabara ta biyu: ya kwashe ƙafar farin ɗan wasa a gaban raga don a ba Alhaji fanareti. Alhaji ya ce, "Kai! Ni ka kwashe?" Zubairu ya ce tuba yake. Aka ajiye ƙwallo, raga a buɗe, gola yana rawar sanyi. Alhaji ya yi bisimilla ya danna, ya ƙi ɗagawa, yana ganin ƙarfin dannawa shi ne ƙarfin imani. Ƙwallo ta tashi ta wuce raga, ta wuce 'yan kallo, ta wuce rufin filin. Ɗangoggo ya leƙa bayan kwamfuta ya ce bari ya duba ko ta faɗo nan.

Amma kada a zalunci Sarkin Awo a cikin tarihi. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya gano wani ilimi guda: in ya danne kibiyar dama, mutanensa sukan ruga wajen gidan abokan gaba. Ya riƙe wannan ilimi da hannu biyu. Da aka dawo, sai aka yi musayar gida kamar yadda dokar wasa ta ce, masu dama suka koma hagu. Zubairu ya faɗa da ƙaramar murya, "Baba, an juya."

Alhaji ya ce, "Su juya. Ni inda na fuskanta na fuskanta."

Ya danne kibiyar dama. Zaratan fararen nan suka ɗauki ƙwallo suka yi hujumi a kan gidansu. Nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba a tarihin yaƙoƙi: Zubairu ya kwashi rundunarsa kaf, har da masu ciwon gwiwa, ya ruga ya tsaya a gaban ragar surukinsa yana kare ta daga surukinsa. Sau uku Alhaji ya kawo hari gidansa, sau uku Zubairu ya tare da ƙirji. A na huɗu ƙaddara ta rinjayi dabara. Alhaji ya ɗirka ta, golansa ya bi ta da kallo yana mamaki.

Alhaji ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. "Ayyuriri ta maza! Maiwada na rumfar gabas!"

Ɗangoggo ya bari sai da ya gama, ya tauna goronsa, sannan ya ce, "Sarkin Awo, rumbunka ka fasa. Biyu ke nan a kanka."

Daga bayan labule aka ji Barira ta ajiye ludayi. Zubairu ya ji warin kududdufi a hancinsa, ya hango kwamfutarsa tana nutsewa, kwaɗi suna hawa ƙeyarta.

Alhaji ya zauna. Ya nuna kibiyar dama ya ce, "Wannan maɓallin munafiki ne, na sallame shi." Ya bincika allon kamar mai zaɓen buhu, ya sami wani dogon maɓalli can a kusurwar dama, wanda ba ya aikin komai a wasan, ya ce wannan ya yi kama da mai amana. Ya koma dukansa. Hannunsa na hagu kuwa ya jingina shi bisa tebur, hannun babbar riga ya zubo ya lulluɓe rabin allo, har da kibiyoyin nan huɗu.

Ya ku masu karatu, a nan ne jinin Jatau ya motsa. Zubairu ya dubi rumfar nan ta farar shadda, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tura hannunsa na dama a ƙarƙashin rigar surukinsa. Tun da aka kafa surukuta ba a taɓa jin hannun da ya yi wannan kasada ba. Yatsunsa suka lalubi kibiyoyi a cikin duhu suka same su. Daga nan ya zama sarkin yaƙin runduna biyu: hagu tana jan masu rawaya suna faɗuwa cikin mutunci, dama tana jan farare suna keta fili kamar wuƙa a kabewa. Alhaji yana dukan dogon maɓallinsa, gumi yana tsattsafo masa, yana kirari, "Ku bi su! Ku auna musu!" Farare suka ci ɗaya. Ɗangoggo ya daina tauna. Farare suka ci na biyu, da ka, daga kwana, irin cin da Zubairu bai taɓa yi wa kansa ba.

Alhaji ya ce, "Ɗangoggo, ina bakin?"

Ɗangoggo ya ce, "Yana nan, yana hutawa."

Biyu da biyu, saura minti guda. Zubairu ya kawo ɗan gaban farare har bakin ragar masu rawaya, ya ɗaga yatsa zai kammala aiki. A daidai nan zafin yaƙi ya kama Alhaji, ya yi abin da kowane mai babbar riga ke yi in magana ta kai magana: ya naɗe hannun riga ya saɓa a kafaɗa. Zubairu ya fizge hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya kai shi ƙeya yana susa. Ɗan wasan ya tsaya cak, ƙwallo a ƙafa, raga a gabansa, kamar mai jiran a ba shi izini. Alhaji ya daki dogon maɓalli. Shiru. Ya sake duka. Shiru. Agogo yana ci.

Ɗangoggo ya ce, "Ya tsaya gaishe da gola."

Sai Sarkin Awo ya fusata, ya buɗe tafin hannu, ya kifa shi a kan allon gaba ɗaya, irin kifawar da yake yi wa tiya in mai saye ya cika gardama. Maɓalli ashirin suka yi kuka tare, a cikinsu har da na bugawa. Ƙwallo ta taso a hankali, tana tangaɗi, ta nufo cikin golan Zubairu sak. Sadauki ya tattara duk fasahar kakanninsa a yatsa guda, ya tsinduma golan nan can kusurwar da babu kowa. Ta wuce. Alƙali ya busa tashi. Uku da biyu.

An ce kabbarar da Alhaji ya yi ta tayar da tattabarun maƙwabta. Ya sa aka maimaita masa cin sau shida. Ya gyara hula, ya ɗaga murya wajen labule ya ce, "Ke yarinyar nan! Na auna kayan nan, ba ƙaiƙayi a ciki. Abu ne mai buƙatar hankali da shekaru." Zubairu yana tsugunne, gwiwoyinsa sun mutu, zuciyarsa tana buga tambarin fatahi. Ya tsallake ramuka biyu. Kududdufi ya yi asara.

Alhaji ya shafa ƙeyar kwamfuta kamar mai taya ingarma. Ya ce, "Kai, abin nan ya yi kyau. Na daɗe ban ga kayan da ya shiga raina haka ba."

To, kowa ya san abin da ɗan mutunci ke cewa in babba ya yaba kayansa, kowa kuma ya san babban yakan amsa da Allah ya bar maka, a wuce wurin. Bakin Zubairu, wanda aka yi wa tarbiyya tun yana ƙarami, bai tsaya shawara da kansa ba. Ya ce, "Ai naka ne, Baba."

Alhaji ya dubi kwamfuta. Ya dubi Ɗangoggo.

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ɗangoggo, ka shaida."

Ɗangoggo ya ce, "Na shaida. Gobe da hantsi ina zaurenka, in ga ko da ni ma za ka iya."

Haka aka ga sadauki jikan sadaukai, dodon masu tsaron raga, ya fito daga gidansa da azahar, daularsa a ka bisa gammo, allon maɓallai a hammata, tsofaffi biyu a gabansa suna gardamar wa zai ɗauki farare. Shi ya jona ta a zauren Alhaji, shi ya kunna, ya durƙusa ya yi godiya da aka karɓa. Zauren suruki kuwa ba wurin zaman mijin 'ya ba ne, balle wasa. Ya sa takalminsa a waje ya kamo hanya.

Ya dawo ya zauna a kujerar roba, yana kallon tebur. A ƙarƙashinsa ya tsinci wata 'yar baƙar waya da ta faɗo, ya ɗauka, ya naɗe ta a yatsa, ya kwance, ya sake naɗewa.

Barira ta leƙo ta ce, "Baba ya bugo. Ya ce sauti ba ya fita, wai ko ka manta da wata igiya."